Amin ɗin Malam Sallau

Tun da hukuma ta kafa Kunne a ɗakin taron kowace ƙungiyar 'yan kasuwa, ba mai ambaton farashi a gabansa. Ɗan akwati ne kamar na ashana. Kana cewa "mu sayar kaza", kwaɗon rumfarka zai datse kansa, sai bayan shekara. Amma an yi masa tarbiyya: da an fara addu'a yakan kashe fitilarsa, ba ya farkawa sai ya ji "amin".

Dillalan albasa ba su daɗe ba suka gano haka. Addu'ar rufe taro ta koma ta minti ashirin, kuma ba mai amsawa.

Ranar nan ɗaya daga cikinsu, Malam Sallau, ya yi sammako ya kama kujerar da ke gefen Kunne. Shekara tara ke nan da shugabansu, Alhaji Badamasi, ya hana kowa taɓa albasar Sallau don ya ƙi bin farashinsu, mota biyu ta ruɓe yana kallo.

Badamasi ya ɗaga hannu, aka sunkuyar da kai, fitila ta mutu. Sallau ya duƙa kamar mai gyara takalmi, ya raɗa wa akwatin, "Amin."

"To, daga gobe buhu dubu casa'in," in ji Badamasi, ido a rufe. "Wanda ya karya, mu yi masa irin ta Sallau."

Daga cikin kasuwa aka jiyo ƙarar kwaɗo, ƙaras, ƙaras, har sau bakwai. Rumfunan Badamasi ke nan duka.

"Wane ɗan banza ne ya amsa?" in ji Badamasi.

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Sallau, yana shafawa. "Addu'ar ce ta yi min daɗi."