Tukunya a Kan Bene

An yi wani mai sayar da goro a cikin tsohon gari, mutum mai kishin gidansa, wanda baƙon namiji bai taɓa wuce masa soro ba. Benensa ya fi kowane gini tsawo a unguwar. A shekarar ne hukuma ta tashi haɗa gari kaf da wata hanyar sadarwa mara igiya, wadda ba ta kowa ba ce sai ta masu ceto: 'yan kwana-kwana, motocin asibiti da 'yan sanda. Wai akwatuna za a kakkafa a wurare masu tsawo, wannan ya miƙa wa wancan magana, ta yadda in an kira masu ceto, na'urar da ke cikin motarsu za ta ja su har ƙofar gida, ko da lungun ba shi da suna. Da aka zo unguwar, ido ya faɗa kan benen mai goro. Mai unguwa da kansa ya roƙe shi a gaban jama'a, an idar da azahar. Mai goro ya ji nauyi ya ce to. Bakinsa ne ya ce to, cikinsa bai ce ba.

Ka san al'adar cikin gari, namiji ba ya hawa rufi sai ya yi shela, mata su shige ɗaki ko su ja mayafi. Ma'aikatan sun yi shela, suka hau, suka ɗaure akwatinsu a jikin guntun ƙarfe, suka sauko. Amma fa akwatin bai sauko ba. Nan abin ya dami mai goro. Magini ya hau ya sauka, mai gyaran indararo ya hau ya sauka, wannan kuwa ya hau ya zauna, da wata 'yar fitila koriya tana ƙyaftawa kamar idon mage. Duk sanda matarsa ta fito tsakar gida da ɗaurin ƙirji za ta yi shanya, sai ya ɗaga kai sama. Aka ce masa akwatin ba ya gani, magana kawai yake miƙawa. Ya ce a ransa, wanda ya kafa maka ido a gida zai ce maka ido ne? Wayar aljihunsa ma, 'yar mitsitsiya, ido gare ta gaba da baya, balle akwati mai girman akushi. Zargin nan nasa ba wauta ba ne, duk mai hankali sai ya yi shi. Wautar tana gaba.

Bai koma wurin mai unguwa ya ce a zo a cire ba, don kada a ce ya yi amai ya lashe. Ranar wata Juma'a, da maza suka watse zuwa masallaci, ya ɗauki ƙatuwar tukunyar dalma da matarsa ke dafa tuwon biki, ya hau shi kaɗai ba shela, ya kife ta a kan akwatin, ya ɗaure tamau. Can ofishin masu ceto suka ga unguwar ta yi tsit, suka ce za a turo mai gyara. Ka dai san "za a" ɗin hukuma.

Sai marka ta zauna. Wata rana da la'asar matar tana wanka a makewayi, tsohuwar katangar ƙasa ta bayan gida ta sha ruwa ta zubo mata. Mai goro ya buga waya. Motar ceto ta taso nan take, da ma'aikata mata a ciki, da barguna, da gadon ɗaukar mara lafiya. Na'ura ta ja su har bakin unguwa, suna sa kai ta ɗauke. Ga lunguna kamar ramin ɓera, ga ruwa ya kora kowa ɗaki. Wanda suka samu suka tambaya ya nuna musu gidan wani mai goron daban. Mijin kuwa yana nan yana tonon ƙasa da yatsu har sun fashe, nishin matar yana ta raguwa. Da ya ga za ta mutu a hannunsa, ya fita ƙofar gida ya yi kururuwa. Mazan unguwa suka shigo, yaro da babba, da hauya da shebur, har makewayi. Suka zaƙulo ta da rai, ƙafa a karye, babu komai a jikinta sai taɓo. Kowa ya kau da kai, wani dattijo ya tuɓe babbar rigarsa ya rufe ta, amma wanda ya gani ya riga ya gani. Sai a lokacin masu barguna suka iso.

Da mai gyara ya zo, ya sauko da tukunyar ya ajiye a ƙofar gida, mutane na kallo, ya ce, "Alhaji, ta gidan nan ce?" Mai goro ya ɗauki tukunyarsa ya shige gida. Matar ta warke tana ɗingishi, magana ɗaya ta yi masa a kai: "Malam, akwatin nan ko da ya gan ni, ai ba zai riƙa sunkuyar da kai in na wuce kamar mazan unguwa ba."

Ko akwatin yana gani, ko ba ya gani, har yau babu wanda ya tabbatar. Amma in ba ka yarda da abu ba, buɗe baki ka faɗa da rana tsaka, kada ka ce to ka koma kana gyara a ɓoye. Irin wannan ne Hausawa ke cewa, an yi gudun gara, an faɗa gidan zago.