Matar da Ta Rufe Fuska

"Ba zan yaye mata zane ba, Malam," in ji ɗaliba Sakinatu.

Malam Sabitu, mai koyar da ɗaliban jinya a wani ɗakin shan magani na Dutsin-Ma, ya ɗago kai. Ɗalibai bakwai sun kewaye gado, matar da ke kwance ta lulluɓe har fuska.

"Jiya-jiya kuka koya mana ba a buɗe jikin mara lafiya sai da izininsa," Sakinatu ta ƙara da cewa.

"Wannan na takarda ne, sarkin iyayi! 'Yar ƙauye ce, me ta sani? Matsa."

Ba ta matsa ba. Ya ture ta, ya fizge zanen da kansa.

Ashe Goggo Adama ce, ƙanwar mahaifinsa da ta goya shi. Daga Kurfi ta zo a ɓoye, ta rufe fuska don kada ya gane ta, ya ga ciwon da ke ƙirjinta.

"Sabitu," ta ce a hankali, "haka kake yi wa iyayen mutane?"

Ya kasa ɗaga ido. Sakinatu ce ta mayar mata da zanen.

A jarrabawar 1964 shi ya ba da maki, kuma bai yafe wa Sakinatu abin da ta gani ba. Ya kayar da ita. 'Yan ajinta suka fita aiki, ita ta maimaita shekara.