Fuskar da ke Jikin Ƙofa

Shekara arba'in ke nan mabuɗin zauren kakannin gidan Chiu yana hannun Tsoho Wen-kui. A nan dangi ke tunawa da magabatansu. Kowace safiya shi ke tura ƙofofin katakon zauren guda biyu, ya kunna turare, ya yi shara. Hayaƙin turare ya riga ya maida ƙofofin baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Abu ɗaya ke cin ransa tun yana yaro: uwarsa ta rasu yana ɗan shekara uku, kuma ko hotonta ɗaya ba a bari ba. Bai san kamanninta ba.

A makarantar ƙauyenmu da ke gefen garin Meinong, darasin zane suna ne kawai. Malamin lissafi ke cinye lokacin, iyaye kuma suna jin daɗi. Sai aka kawo wata sabuwar malamar zane, Malama Fan. Ita ba ta zaunar da yara a aji. Fita take da su, wai su koyi kallon abin da magabata suka yi da hannunsu.

Wata Laraba ta zo zauren da ɗalibanta, har da Yu-chen, jikar tsohon. Ta tsaya gaban ƙofar hagu ta daɗe, sannan ta haska fitilar wayarta ta gefe, ta ɗauki hoto.

"Baba, wa ya yi zanen nan?" in ji ta.

"Wane zane? Hayaƙi ne."

"Akwai mace a ƙarƙashin hayaƙin, riƙe da laima. Ga goshinta, ga haɓarta. Aikin gwani ne. Don Allah kada a taɓa. Na san wani mai gyaran tsofaffin zane a birni, zai iya fito da ita tas."

Tsoho ya ƙura mata ido. Bara ma haka aka yi a ƙauyen gaba: baƙi suka zo suka yaba wata taga mai sassaƙa, suka ɗauki hoto, wata bai cika ba aka wayi gari babu taga.

"Goge hoton nan," ya ce. "Ina kallo."

Ta so ta yi bayani, ya ɗaga mata hannu. Ta goge, ta tattara yaranta suka tafi.

Da yamma Yu-chen ta kawo masa shayi.

"Kai dai tsohon nan, kowa ɓarawo ne a wurinka. Na ga matar fa da idona. Hancinta irin naka ne, har ɗan karkacewar."

"Rufa mini baki, sarkin surutu. Malamar kirki tana aji da alli. Wadda ke bin gidajen mutane da fitila, ciniki ta zo nema. Wai wani a birni! Ai shi ne mai sayen."

"To je ka duba da kanka mana. Taku goma ne."

"Shekara arba'in ina buɗe ƙofar nan. Ke za ki nuna mini abin da ke jikinta?"

Bai je ya duba ba. Kwana uku yana ganin malamar tana wucewa a kan babur, duk lokacin da ta waiwayi zauren sai zarginsa ya ƙaru. Ta aiko da takarda, ya jefa a murhu bai karanta ba. A rana ta huɗu ya yanke shawara: in babu abin sha'awa a jikin ƙofa, babu mai ɗauke ta. Ya kira mai fenti. Aka sa inji aka kankare ƙofofin har sai da farin katako ya fito, aka shafa jan fenti mai ƙyalli. Maƙwabta suka yaba, suka ce zaure ya zama sabo.

Da lokacin share kaburburan kakanni ya zo, dangi suka taru. Har da yayarsa Lan-ying, wadda aure ya kai arewacin ƙasar, ciwon ƙafa kuma ya hana ta zuwa shekaru da yawa. Aka sauko da ita daga mota. Ba ta gaida kowa ba, ta dogara sandarta ta nufi ƙofar hagu. Ta tsaya. Ta shafa jan fentin da tafin hannu.

"Ƙanena, ina Inna?"

"Wace Inna, Yaya?"

"Innarmu. Baba ne ya zana ta a nan, shekarar da ta rasu. Ni na riƙe masa kwanon launi. Bai ƙara zancen ba har ya bar duniya, amma na ɗauka ka sani. Kai da kake buɗe ta kullum."

Wen-kui ya zauna a kan dakali. Can ya kira Yu-chen, ya ce ta gaya masa yadda matar take. Yarinyar ta yi ƙoƙari: laima, goshi, hanci. Iyakar abin da ta riƙe ke nan, don sau ɗaya ta gani. Washegari ya tafi makaranta da ƙafarsa, hula a hannu, ya tambayi Malama Fan ko hoton ya saura a wani wuri. Ta girgiza kai. Mai gyaran ya zo daga birni ya duba, ya ce inji bai bar komai ba.

Har yau shi ke buɗe zauren. Sai dai yanzu yakan tsaya gaban ƙofar hagu ya daɗe yana kallon jan fenti.

Ku iyaye, ku daina raina darasin zane, ku daina zargin mai koyar da shi tun ba ku saurare shi ba. Yaron da ba a koya wa kallo ba zai tsufa da gadonsa a gaban idonsa bai gani ba, kuma da hannunsa zai kankare shi.