Shiru-shiru Mai Figar Kaji

Kaji na tafe a rataye jikin sarƙa, kai ƙasa ƙafa sama, lokacin da dutsen farko ya sauka a kan kwanon rufi. Na biyu ya tarwatsa gilashin taga. Injin ya tsaya cak, ihun da ake yi a waje ya shigo har cikin ɗakin figa.

"A kori baƙi! Aikinmu namu ne!"

Shiru-shiru ta saki wuƙar da ke hannunta, ta duƙe ƙarƙashin tebur tare da sauran mata, kowace na kiran Allah da yaren garinsu. Daga ƙasashe iri-iri aka tattaro su, domin manaja ba ya ɗaukar ɗan ƙasa ko da shara ce. Ɗan ƙasa, in ji shi, baki gare shi, yau ya nemi hutu, gobe ya jawo maka ƙungiyar ƙwadago. Baƙo kuwa ko ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri.

Duk cikin matan ba wadda manaja yake ji da ita kamar Shiru-shiru. Tun ranar da ta tsaya a bakin ƙofa tana nuna hannayenta da cikinta, alamar aiki take nema saboda yunwa, ba wanda ya taɓa jin muryarta. Masu wannan yare sun ɗauka 'yar waccan ƙasa ce, 'yan waccan ƙasa sun ɗauka ta wata ce can. Manaja kan tsaya a kanta ya zage ta ta uwa ta uba don nishaɗi, ita kuwa ta gyaɗa kai kamar albarka ya sa mata.

Ba sha'awar ƙarnin kaji ce ta kawo ta ba. Miji ya rasu, ga 'yan mata biyu a makaranta, ga babban ɗa da ya gama karatu ya zaga ofisoshi har takalminsa ya huje, ko gadi bai samu ba. Wannan sarƙar ce take ɗora musu tukunya, kuma ba su san da ita ba. A saninsu raino take yi a gidan wasu masu hali. Kullum in an tashi, sai ta dirje hannayenta da lemun tsami har sun yi raɗaɗi.

Ƙofar ƙarfe ta faɗi. Sai wata murya ta fito ta lasifika, a natse, ba zagi, irin ta wanda ya je makaranta. Kowa ya fito fili ya bi layi, ya cire takunkumin fuska, ya faɗi unguwarsu. Ɗan ƙasa ya wuce gida. Baƙo kuwa ga babbar mota nan tana jira.

Duwatsun ba su kaɗa Shiru-shiru kamar muryar nan ba. Ta san mai ita sarai. Wata mai ciki da ke gefenta ta damƙe mata hannu tana zare ido, ba ta gane abin da aka ce ba. Shiru-shiru ta ɗaga ta, ta kai ta layi, ita kuma ta lallaɓa can ƙarshe, ta ja takunkumi har ƙarƙashin ido, ta danna hular aiki ta rufe gira.

Ta saci kallon katangar baya. Akwai wani lungu a can da ke ɓullewa tsohuwar rijiya, ta san shi tun ba a kafa tubalin masana'antar ba. Amma samari biyu sun tsare wurin.

An tsayar da manaja a kan layin, gumi ya jiƙa masa riga, yana jin duk abin da ake faɗa. Wani ƙato mai sanda shi ke tambaya. Wata ta yi in-ina ya wanke ta da mari. Mai ciki ta fashe da kuka, aka tura ƙeyarta mota. Shiru-shiru tana ta addu'a a zuci, Allah Ya sa ƙaton nan ne zai tambaye ta, ya mare ta, ya jefa ta mota, a gama. Ko ina aka sauke ta za ta san yadda za ta yi ta dawo bakin aikinta.

Layi ya ƙare a kanta. Ƙaton ya daka tsawa, ta sunkuyar da kai. Ya sake dakawa, ta ƙanƙame takunkumin da hannu biyu.

"Bar ni da ita," in ji mai lasifika.

Ya karɓi sandan ya matso. Rigarsa shuɗiya ta sha guga, maɓallan baƙaƙe ne, na wuya kaɗai fari.

"Baiwar Allah, cire."

Ta ƙara danne takunkumin a fuska.

"Irinku ne suka sa ina zaune kamar gunki, uwata tana bauta da tsufanta!" Muryarsa ta fashe, ya ɗaga sandan sama.

In ta buɗe baki, manaja na tsaye, tukunya ta kife ke nan. In ta yi shiru sandan zai sauka, kuma ba jikinta take ji wa tsoro ba, mai dukan take ji wa. Ta dubi manaja, ta dubi farin maɓallin da ta ɗinka da hannunta. Sannan ta sauke takunkumin, ta yi magana da harshen garin tsantsa, irin na wadda aka binne cibiyarta a bayan katangar nan.

"Sauke sandan nan, Babana. Ummanka ce, ni na goge maka rigar nan da safe."