Siririyar Kwamfuta da Zafin Bazara

Tun da ka zo mini da hotunan laftof biyu a waya kana tambayar wacce ta fi kyau da wasa, zauna, ƙanena, in ba ka wani misali. Ba zan zaɓar maka ba. In ka saurara da kyau, kai da kanka za ka zaɓa.

An yi wani saurayi tela wanda Allah ya ba shi hannu a wasan yaƙi na kwamfuta. Su huɗu ne abokai, tare suka taso, kuma babban burinsu shi ne su ci gasar da akan yi a babban birnin jiharsu. Babban cikinsu ya samu aiki a can kudu, zai tafi da zarar an gama gasar bana, don haka kowa ya san wannan ce damarsu ta ƙarshe a matsayin ƙungiya. Telan nan shi ne gwaninsu, shi suke sa wa a gaba, in ya faɗi kowa ya faɗi. Amma shi kaɗai ne ba shi da kwamfutar kansa, kullum aro yake yi. Da ya samu sarari bayan ɗinkin sallah, sai ya nufi shagon masu sayar da laftof. Mai shago ya ajiye masa guda biyu, kuɗinsu ɗaya, abin da aka rubuta a jikin kwalinsu ma ɗaya. Ta farko siririya ce kamar faifai, fara tas, madannanta suna sauya launi daga kore zuwa ja. Ta biyu baƙa ce mai kauri da nauyi, gefenta da bayanta duk ramukan iska, ga wani tabo a murfinta kamar an ja ƙusa, in an kunna ta kuma fankarta ta dinga gurnani kamar injin markaɗe. Mai shago ya ce, "Cikinsu ɗaya ne, amma mai kaurin nan ta fi numfashi."

Abin da yake ba ni takaici a labarin nan shi ne, telan ba wawa ba ne. Mutum ne da ba ya sayen yadi sai ya jiƙa bakin yadin da ruwa ya murza ya ga ko launinsa zai zuba, domin ya san kyan yadi a kan kantar shago ba shi ne kyansa bayan wanki ba. Amma a nan sai ya manta da sana'arsa. Ya gwada kowacce na ɗan lokaci a cikin shagon da na'urar sanyaya ɗaki take hurawa har tsigar jiki tana tashi, duka biyun suka yi gudu kamar ruwa. Sai ya hango kansa yana buɗe siririyar a gaban jama'a, ya kuma hango dariyar da za a yi masa in ya shigo da baƙar tana gurnani. Kunya ta zaɓar masa. Ya rungumi siririyar ya tafi gida. Lokacin sanyi ne, don haka ba ta nuna halinta ba. Wani sa'in yakan ji ɗumi a ƙarƙashin tafin hannunsa in wasa ya yi tsawo, sai ya ce ai kowane inji yana ɗumi.

Gasar kuwa ta faɗo a tsakiyar bazara, da rana tsaka, a wani zaure mai rufin kwano wanda ya cika maƙil da 'yan kallo, fankokin sama suna juya zafi kawai. Sun ci wasannin farko, domin gajeru ne. Na ƙarshe ya ja. Ita kuwa kwamfuta, in zafi ya yi mata yawa kuma ba ta da ƙofar fitar da shi, rage ƙarfinta take yi da kanta don kada ta ƙone. Hoto ya fara tsinkewa. Ya danna, sojansa a kan allo ya tsaya kamar an ɗaure shi, sai bayan an wuce wurin ya motsa. Abokansa suna kiran sunansa, yana ji, yana ganin inda ya kamata ya kai musu ɗauki, hannunsa ya sani, idonsa ya gani, amma abin da yake gabansa ya ƙi tafiya. Haka aka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yana kallo.

Da aka tashi ya je ya ba wanda ya ci su hannu. Kafin ya isa teburin ya ji gurnanin, da ya duba kuma ya ga tabon ƙusar nan a murfi. Ita ce wadda ya bari a shago, tana ta huci, hotonta kuwa garau.  Babban abokan nasa ma shi ya ɗaukar masa jaka har tasha, wannan kuwa ya fi masa zagi ciwo. Bayan 'yan kwanaki suka raka babban nasu mota ya tafi kudu, su huɗun ba su sake zama a teburi ɗaya ba.

To, ƙanena, mayar da wayarka aljihu. Koma shagon, ka ce a fitar maka da su rumfar waje, ka kunna wasa mai nauyi ka zauna har gumi ya karyo maka, sannan ka duba wacce take nan a kan ƙafarta. A cikin sanyi kowace kwamfuta gwana ce. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.