Kofin da Mirabel Ta Ce Ya Yi Daidai

Tabitha ta shafe watanni tana tsaron mijinta Haggai kamar ƙwai. Yana da ciwon asma tun yana yaro a Kafanchan, don haka tun da korona ta shigo Kuala Lumpur ita ke fita sayayya, har ledar burodi sai ta goge kafin ta shigar da ita ɗaki. Shi kuwa yana zaune a gidansu na unguwar Setapak yana karatu ta kwamfuta, kullum cikin yi mata tsiya wai ta mai da shi fursuna.

Da aka sassauta dokar kulle, sai Mirabel ta kira. Aminiyar Tabitha ce, tare suke waƙa a coci. Aikinta haɗa abin sha ne a wani otal, kafin annoba ta sa a rufe shi. Yanzu za ta fara haɗawa a gida tana sayarwa, tana son su zo su fara ɗanɗanawa, a ɗauki hotunan talla.

"Mirabel, kin dai san halin da Haggai ke ciki," in ji Tabitha. "Lafiyarki ƙalau? Ba mura, ba komai?"

"Haba ƙawata! Garau nake. Mu uku ne kawai fa. Abeg ki fito da bawan Allah ya sha iska."

Tabitha ta yarda, domin ba ta taɓa kama Mirabel da ƙarya ba.

Ranar Asabar da la'asar suka isa gidan Mirabel a unguwar Cheras. Mirabel ta rungume su, ta ja takunkumin Haggai ƙasa tana dariya. "Yaya Haggai, dubi yadda ka yi haske! Ashe kurkuku ya karɓe ka."

"Ai mai gadin ce ta iya girki," in ji shi.

Ta jera dogayen kofuna ta cika su da ƙanƙara. Ta ɗauko kwalbar vermouth, wata farar giyar inabi mai ƙamshin ganyaye, marar ƙarfi, da ake sha kafin abinci don ta buɗe ciki. Ta zuba, ta ƙara ruwan laici, wani ɗan itace mai zaƙi, ta matsa lemon tsami, ta cike da ruwan soda. Sannan ta murɗa ɓawon lemo a bakin kowane kofi. Kamar yadda ta saba, ta tsoma tsinken shan lemo, ta toshe kansa da yatsa, ta ɗiga a harshenta.

"Daidai!" ta ce.

Tabitha ta kurɓa, sai da ta runtse ido. Abin ya yi tsami, ga wani warin tsufa, da alama kwalbar ta daɗe a buɗe har ta lalace. Ta yi mamaki ƙwarai, don Mirabel ce fa, wadda da hanci kawai take gane lemon da aka yanka tun jiya. Haggai ya dube ta, ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ka zo gidan ƙawa ka kushe mata sana'a tun ranar farko? Suka daure suka shanye, suka yaba. Mirabel ta matso tsakaninsu, kumatu a jikin kumatu, aka yi ta ɗaukar hoto.

Mako bai zagayo ba Haggai ya fara tari. Numfashi ya gagara, motar asibiti ta tafi da shi, aka hana Tabitha binsa. Ita ma gwaji ya nuna ta kamu, ta zauna ita kaɗai a ɗaki tana jiran kiran likita.

Wata safiya ta dafa shayi da citta mai yawa. Ta kurɓa, ba ta ji komai ba, kamar ruwan zafi. Ta kai kofin hancinta, nan ma babu. Ta daɗe tana kallon kofin, sai kalmar nan ta dawo mata: daidai.

Ta ɗauki waya ta kira Mirabel.

"Mirabel, don Allah ki gaya mini gaskiya. Abin da kika ba mu ranar nan, kin ji ɗanɗanonsa?"

Mirabel ta fara kame-kame, Tabitha ta katse ta.

"Mirabel, magana nake yi."

"Ƙawata... tun kafin ranar hancina ya daina ji. Amma ba zazzaɓi, ba tari. Na ji tsoro in na je gwaji su killace ni. Ga shi na riga na sayi kaya, laicin zai lalace..."

"Laici," in ji Tabitha a hankali. "Na tambaye ki da bakina. Na ce miki Haggai. Kika ce garau."

"Ban zaci zai kai haka ba, ki yafe..."

Tabitha ta kashe wayar.

Haggai bai dawo Setapak ba. Ta waya aka sanar da ita rasuwarsa, kuma ba ta samu ko ganin fuskarsa ba. Mahaifiyarsa ta kira daga Kafanchan tana kuka, tana tambaya, "'Yata, ba kin ce ba ya fita ba?"

Hoton nan na ƙarshe yana cikin wayarta har yau, su uku suna dariya da kofuna a hannu. Ta kasa goge shi, don shi ne hotonsa na ƙarshe. Ta kuma kasa kallonsa, saboda wadda ke tsakiya.

Mai karatu, idan ka ji jikinka ya sauya a lokacin annoba, ka faɗa, ka je gwaji, ka nisanci mutane, ko da za ka yi asarar abin da ka shirya. Wanda ya tambaye ka lafiyarka kafin ya shigo gidanka, ransa ya ba ka amana, kuma ɓoye ciwo mai yaɗuwa cin amana ne.