Waken Marowaciya

Zauna ki ji, ɗiyata, tunda na ga yanzu in za ki haɗa sabulun nan naki sai kin tura ƙyaure, wai kada matan unguwa su ga abin da kike zubawa.

An yi wata mata a wani ƙauye na bakin rafi, ta gaji irin wake a wurin uwarta. Ba irin na kasuwa ba ne. Ƙanana ne jajaye masu ɗan baƙin ido, amma tun gero bai fid da kai ba yake nuna, daidai lokacin da rumbunan mutane suka koma sai ƙaiƙayi. Don haka gidanta bai san yunwar tsakiyar damina ba. Da uwar ta zo cikawa, wasiyya guda ta bar mata: "Kada ki bari irin nan ya kwana a rumbu ɗaya." Matar ta riƙe maganar hannu bibbiyu. Ta sa aka gina mata rumbu na biyu a cikin gidanta, jikin na farkon, ta raba irin gida biyu, ta ce ai ta cika wasiyya. A zamanin kuwa matan ƙauyukan yankin sun fara haɗuwa ranar kasuwa a gindin wata tsamiya, kowace ta zo da irin da ta gada da dabarar da ta sani. Akwai wata malamar gona da ke zuwa a kan babur, ta ɗauki dabarar wannan ƙauye ta kai wancan. Sun aika wa matar nan har sun gaji. Ta ce abin da ta sha a nono ba za ta baza shi a faifai kamar gyaɗar talla ba. Sau ɗaya tak waken ya taɓa fita daga hannunta. Wata maginiyar tukwane ce ta kawo mata tulu, ta hango shi a ƙwarya, ta ce, "Yaya, ɗan sam mini mana." Kunya ta hana ta cewa a'a. Ta tsinto mata motsattsu cikin tafin hannu, ta ce, "Ki dafa, wannan ba na shuka ba ne." Maginiya ta ce to. Ba ta dafa ba.

Aka yi shekaru. Wata damina marka ta zauna, rafi ya cika ya tumbatsa, ya shiga gonar matar ya kwashe waken yana gab da nuna. Bai tsaya nan ba, ya biyo cikin gari, ya jiƙa gindin rumbunan nan biyu, suka durƙushe tare, tunda dama tare suke tsaye. Ta shiga laka har gwiwa tana tona. Abin da ta samu ya kumbura ya ruɓe, sai wari. Yunwa ba ta dame ta ba sosai, dangi sun kawo hatsi. Abin da ya hana ta sakat shi ne, iri ya biyo hannun kakanni tun ba a san farkonsa ba, ya zo ya mutu a hannunta. Ta daina zuwa kasuwa, ko an yi mata magana sai ta kalli inda rumbunan suke a da.

Bayan kaka, sai ga matan gindin tsamiya sun yi sallama, mazansu na biye da ciyawa da igiya. Maginiya ce a gaba, ɗauke da wata tukunya mai ƙaramin baki, an liƙe ta da yumɓu. Ta dire, ta fasa liƙin. Ƙamshin toka da barkono ya tashi, ƙarƙashinsu kuma ga jajayen nan masu baƙin ido, ko huda ɗaya ƙwaro bai yi musu ba. Ashe motsattsun nan bayan wurin gashin tukwane ta shuka su, suka yi, ta kai gindin tsamiya. Wata ta koya musu ajiye shi da toka, wata ta ƙara barkono, maginiya ta ƙago tukunyar da iska ba ta shiga, malamar gona ta kai shi ƙauyukan tudu inda ruwa ba ya kwanciya. Wata tsohuwa a cikinsu ta ce, "Ki yi haƙuri, Yaya, mu a garinmu Ɗan Marowaciya muke ce masa." Matar ta rufe baki da mayafi, dariya na fita, hawaye na fita. A nan ne maganar uwarta ta buɗe mata. Rumbu na biyun da aka ce, ba a cikin gidanta yake ba, a gidan wata yake. Ta zauna a kan turmi da tukunyar a cinya, tana kallo aka tayar mata da sabon rumbu. Da aka gama ɗinka jinka, mutane suka kewaye ta, kowa ya sa hannu, aka ɗaga ta gaba ɗaya aka kifa. Ranar kasuwa ta gaba, ita ta riga kowa zuwa gindin tsamiya.

To, ke ma abin da kika iya, in a ƙirjinki kaɗai yake, a rumbu ɗaya yake kwana, kuma ba ki san ranar da rafi zai cika ba. Buɗe ƙyauren nan ki kira matan unguwar. Masu magana ba su yi ƙarya ba da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.